Keke mai ƙafa ɗaya: Wane girma ya dace da sabon mahayi?

Hawan keke mai ƙafa ɗaya a kan duwatsu da hanyoyin daji wasa ne da ya fara bunƙasa a Amurka cikin shekarun 1980, inda ake ambaton George Peck na jihar Alaska a sahun waɗanda suka share fage. Daga baya Kris Holm, ɗan ƙasar Kanada, ya fito da shi idon duniya.

Akasarin irin wannan keke ba shi da sarƙa ko giya. Feda a jikin ƙafar take, saboda haka duk zagaye guda da mahayi ya taka, zagaye guda ƙafar ke yi. Ke nan girmanta ne ke ƙayyade gudu.

Ƙafa mai inci 24 na cin kimanin mita 1.9 a kowane zagaye. Ba ta da sauri, amma tana da sauƙin sarrafawa a gangara mai duwatsu, kuma mahayi na kusa da ƙasa idan faɗuwa ta zo, abin da sabon shiga ba ya kauce masa.

Mai inci 29, wadda ta ɗan ɗara ta kekunan Raleigh da Phoenix da aka sani a ƙasar Hausa, na cin kimanin mita 2.3. Ta fi dacewa da doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanyar burji, irin waɗanda ke haɗa ƙauyukan Shanga da Yawuri, sai dai tana wahalarwa a hawan tudu.

Masu farawa da dama kan tsaya a tsakiya, wato inci 26 ko 27.5, musamman dogaye.