Igiyar Nailan a Kasuwannin Fagge da Sabon Gari: Asalinta da Tarihinta



Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, igiyar da ake ɗaure kaya ko jan guga da ita ta rama ce ko ta kaba, wadda mutanen karkara ke tufkawa da hannu. Yau kuwa wanda ya ratsa kasuwar Sabon Gari, igiyar roba zai gani a rataye, haka nan yadudduka masu zaren nailan a Kantin Kwari cikin Fagge. Wannan sauyi a ɗakin gwaje-gwaje ya samo asali.

Tushen al'amarin wani ƙulli ne da masana sinadarai ke kira amid, inda kabon ke kama naitirojin. Irinsa ne ke riƙe da siliki da gashin tumaki. Hanya mafi sauri ta ƙulla shi ita ce a haɗa asil kulorayid da amin. A jikin na farkon, kulorin da oksijin sun janye wa kabon lantarkinsa, sun bar shi da yunwa. Naitirojin na amin kuwa yana da rarar lantarki biyu, sai ya kai masa, kulorin ya fice. To, a nan gizo ke saƙa: kulorin ɗin yakan tafi da haidirojin su zama asid, asid ɗin kuma ya kame rabin amin ya hana shi aiki. Jamusawa biyu, Carl Schotten a 1884 da Eugen Baumann a 1886, suka magance wannan da zuba ruwan soda, ɗan'uwan ruwan tokar da iyayenmu mata ke dafa sabulu da shi, domin ya kashe kaifin asid.

A 1935 Wallace Carothers na kamfanin DuPont a Amurka ya haɗa sinadarai masu hannu bibbiyu, kowane ya riƙe na kusa da shi, suka zama doguwar sarƙa, wato nailan. Shi da zafin wuta ya yi aikinsa. Sai a 1959 Paul Morgan da Stephanie Kwolek suka nuna cewa da asil kulorayid ana iya zaro zaren daga cikin kofi ba tare da an hura wuta ba. Ta wannan hanya ce ake yin Kevlar na rigar sulke, wanda Kwolek ta gano a 1965.

Sai dai a yi hattara da suna. Ledar da 'yan Sabon Gari ke kira nailan ba nailan ba ce, babu amid ko ɗaya a jikinta.

A ganina, masu tufkar rama ba ƙwarewa suka rasa ba. Igiyarsu takan ruɓe a bakin rijiya, sabuwar kuwa ba ta ruɓewa, shi ya sa mai guga ya zaɓe ta. Wannan rashin ruɓewa ne kuma ke sa guntayenta, tare da leda, su toshe magudanan ruwa na Fagge da damina.