Daga Keson Wuri Zuwa Dalar Cikin Waya: Wa Ke Tsaron Mashigar Kuɗinmu?

 Yau zancen kuɗi za mu yi, kuma a yammacin Kano zan ajiye kujerata, wajen Gwarzo da Kabo. A garuruwan nan yanzu akwai matasan da ke neman na kansu ta intanet. Wani fassara yake yi wa kamfanin waje, wani bidiyo yake ɗorawa a YouTube, wata kuma turaren wuta take sayar wa matan Maraɗi ta WhatsApp. Aikin yana isa cikin daƙiƙa, amma kuɗinsa sai ya maƙale a hanya. To me ya jawo haka, kuma ina aka dosa?

Bari mu faro daga kalmar kanta. "Kuɗi" jam'in "wuri" ne, wurin nan kuwa daga tsibiran Maldives da ke tekun Indiya ake kwaso shi. Kun ga ke nan, tun zamanin kakanni kuɗin da Bakano ke kashewa baƙo ne, iyaka ya tsallako. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Keso guda wuri 20,000 ne, wato dala 8 kacal, amma kusan kayan mutum ɗaya ne a ka.

Saboda wannan nauyi, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun fi ɗaukar haja: kanwa, rinannun tufafi, fatu. In sun sauka a zangon Salaga, fatoma ne ke karɓarsu. Shi zai ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙo in za a ba shi bashi, sannan ya ciri la'adarsa. Haka 'yan kasuwar Gadamas mazauna Kano kan rubuta takarda zuwa Tarabulus a biya wani a can, ba tare da an ɗora azurfa a kan raƙumi ba. Wato biyan kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasa ba tare da kuɗin ya motsa ba tsohon abu ne a wurinmu. Amana ce jarinsa, mai tsaron mashiga kuma yana da rabonsa.

Daga nan sai kiɗa ya canza. Tun tsakiyar ƙarni na 19 Turawa 'yan kasuwa suka riƙa jibgo wurin Zanzibar a jiragen ruwa, darajar wuri ta yi ta zubewa. Ingila ta ci Kano a 1903, aka koma karɓar haraji da sulalla. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma aka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma, hedikwatarta a Landan. Wa ya ci riba? Wanda ke kusa da sabuwar mashiga. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji wanda ya faro da fataucin goro, ya koma gyaɗa, kuma an ce azurfa kayan raƙuma 20 ya kai ajiya a bankin Turawa na Kano. Manomin gyaɗa da auduga na Gwarzo da Kabo kuwa, sai farashi ya bi ta hannun dillalai hawa-hawa kafin ya iso gare shi. Wanda ya tara wuri a rumbu ya wayi gari da tulin ƙwanso.

Ku riƙe wannan, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk lokacin da kuɗi ya canza kama, na nesa da birni ne ke fara shan wuya. Mun sake gani da idonmu a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Mai POS ya zama sarki, mutum na sayen kuɗinsa da kuɗinsa.

Yanzu mu zo kan ɗan Kabo da ya gama aikin dala 200. PayPal ya shigo Najeriya a 2014, amma ya yi shekaru yana barin ɗan Najeriya ya aika kuɗi ba tare da ya iya karɓa ba. Sai matasa suka koma irin su Payoneer, wasu suka ari asusun ɗan uwa a waje, wasu suka rungumi USDT, wato kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dala. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kirifto, sai cinikin ya koma hannu da hannu: ka tura wa wanda ba ka sani ba USDT, shi ya turo maka naira. A Oktoban shekarar gwamnati ta fito da eNaira, jama'a ba su karɓe ta ba. A Disamban 2023 aka janye haramcin, a Maris 2024 Binance ya daina hulɗa da naira bayan rikicinsa da gwamnati, a 2025 kuma sabuwar dokar zuba jari ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar SEC. Shekara huɗu, doka ta juya sau nawa ke nan?

Ga kuma tsada. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna aika dala 200 zuwa Afirka kudu da Sahara na cin kusan kashi 8 cikin 100, mafi tsada a duniya, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Wannan lissafin kuɗin da 'yan uwa ke aikowa gida ne, amma mai aikin intanet ma irin yankan da ake yi masa ke nan: shafin da ya ba shi aiki ya cira, mai tura kuɗi ya cira, mai canji ya cira, mai POS ya ƙarasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maƙwabta. Maraɗi ta fi Legas kusa da Gwarzo nesa ba kusa ba, amma mai turaren nan ta fi samun sauƙin karɓar kuɗi daga Legas. Sefa tana ɗaure da yuro, naira na yawo da kanta, don haka har gobe 'yan canji na bakin iyaka da na Wapa a Fagge ne ke haɗa su. An ƙaddamar da tsarin PAPSS a Accra a Janairun 2022, don ɗan Afirka ya biya da kuɗin ƙasarsa, ɗan uwansa ya karɓa da nasa, ba sai an ratsa ta dala ba. Tunani ne mai kyau. Amma juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da takunkumin ECOWAS sun nuna mana cewa siyasa na iya toshe hanyar kuɗi a dare ɗaya.

To ina aka dosa? A ganina sauri zai ƙaru, la'ada za ta ragu, domin kamfanonin sun yi yawa kuma suna gasa. Manhajar da ke wayarka ita ce sabon fatoma. Sai dai fatoman da, ka san ƙofar gidansa, in ya ci amana akwai sarkin zango, akwai alƙali. Na yanzu yana iya zama a wata ƙasa, ya rufe maka asusu da saƙo guda, ba ka da wanda za ka riƙe wa riga. Shi ya sa nake ganin wanda zai tsira nan gaba shi ne mai takarda.

Ɗan uwa, buɗe asusu da sunanka, sunan da ke kan NIN ya dace da na BVN harafi da harafi. Aron asusu, ranar da aka nemi shaida kuɗinka ya zama na wani. Ajiye shaidar kowane aiki da kowane biya, don banki na iya tambaya, masu haraji ma haka. Kafin ka tura USDT ga baƙo, ka sani in nairar da ya turo ta sata ce, asusunka ne za a daskarar. Ka tambaya ko kamfani na da lasisin Babban Banki ko na SEC. Kada kuma ka mai da manhaja rumbu. In kuɗi ya shigo, ka kwashe abin da ba za ka iya jure rashinsa ba.

Nan zan dasa aya. A shiri na gaba za mu shiga Wapa, mu ji yadda jigilar alhazai ta haifi kasuwar canji. Allah Ya sa wa nema albarka, a huta lafiya.