Da Wa Ka Kara? Waiwaye a Kan Zakarun Damben Duniya

Kwanakin baya wata gardama ta kaure a ɗakin malamai na makarantarmu, har aka kaɗa ƙararrawar shiga aji ba mu ankara ba. Wani abokin aikina ne ya dage a kan cewa duniya ba ta taɓa yin ɗan damben zamani kamar Rocky Marciano ba. Hujjarsa ita ce, sau 49 ya shiga fage, sau 49 ya fita da nasara. Shi kuwa Muhammad Ali, in ji shi, sau biyar ana cin sa. Ni dai tambaya ɗaya na yi masa: da wa da wa ya kara? Wannan tambaya ce ta haifar da wannan ɗan rubutu.

Bahaushe ba baƙon wannan ma'auni ba ne. A dambenmu na gargajiya ba a ɗaukar wanda ya kashe 'yan dagaji goma daidai da wanda ya kashe gwarzo ɗaya. Shi ya sa ba a cika ambaton Shago ba tare da an tuna Ɗandunawa ba. To, haka abin yake a damben Turawa na ajin masu nauyi. Abubuwa uku ya kamata a duba: su wane ne zakaran ya buge, a wane lokaci na rayuwarsu ya buge su, sa'an nan su wa ya kauce wa.

Bari mu fara da na ukun, domin shi ne ba ya fitowa a lissafi. Jack Dempsey ya riƙe kambin duniya daga 1919 zuwa 1926, amma bai taɓa sa zare da Harry Wills ba, alhali Wills ya daɗe yana kan gaba cikin masu neman kambin. Babban dalili shi ne Wills baƙar fata ne, Amurka kuwa a lokacin tana cikin tsananin wariyar launin fata. Abin mamaki, shi kansa Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya ci kambin a 1908, bai ba ɗan'uwansa Sam Langford damar nemansa ba. Ashe ke nan akwai sunayen da rashinsu a tarihin mutum yake rage masa daraja.

Sai Joe Louis, wanda ya riƙe kambi daga 1937 zuwa 1949, ya kuma kare shi sau 25. Masu sukarsa sukan kafa hujja da tsakanin ƙarshen 1940 da tsakiyar 1941, lokacin da yake dambe kusan kowane wata, har 'yan jarida suka riƙa yi wa abokan karawarsa ba'a. Amma a yi adalci. Louis ya buge tsofaffin zakaru irin su Primo Carnera da Max Baer da Jack Sharkey tun kafin ya hau. Max Schmeling na Jamus ya kashe shi a 1936, ya dawo ya rama a 1938 cikin turmin farko. Bai guje wa kowa ba. Laifinsa kawai shi ne ya share fagen har ba sauran abin shara.

Yanzu mu zo kan gwanin abokina. Manyan sunaye huɗu ne a tarihin Marciano. Ya buge Joe Louis a 1951, lokacin Louis yana da shekara 37, ƙarfi ya tafi, bashin haraji ne ya dawo da shi fage. Ya ƙwace kambi a 1952 daga Jersey Joe Walcott mai shekara 38. Ezzard Charles, wanda ya kara da shi sau biyu a 1954, ya riga ya fara gangara. Archie Moore kuwa, a 1955, yana wajen shekara arba'in, kuma asalinsa zakaran aji na ƙasa da wannan ne. Duk da haka tsohon Walcott ya kai shi ƙasa a turmin farko, yana gaba da maki har turmi na 13 kafin Marciano ya same shi. Ba wanda zai ce Marciano rago ne. Amma sunaye ya tarar, masu sunayen sun tsufa.

A nan ne tarihin Ali ya bambanta. A 1964 ya ƙwace kambi daga Sonny Liston, wanda ya kashe Floyd Patterson sau biyu, kowanne a turmin farko. An raba shi da kambin a 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya rasa fiye da shekara uku na ganiyarsa. Da ya dawo a 1970 sai ya tarar da samari masu jini a jika. Joe Frazier ya ci shi a 1971. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Dukkansu biyun ya koma ya rama. A 1974 a Kinshasa, yana da shekara 32, ya fuskanci George Foreman mai shekara 25, wanda ya yi dambe 40 ba a ci shi ba, wanda kuma ya gama da Frazier da Norton kowanne cikin turmi biyu. Ali ya kashe shi a turmi na takwas. In ana son sanin ko wane ne wannan Foreman, a tuna cewa ya sake cin kambin duniya a 1994 yana da shekara 45.

Mike Tyson kuwa ya ci kambi a 1986 yana da shekara 20, bai bar na baya ba wajen ban tsoro. Cikin daƙiƙa 91 ya gama da Michael Spinks a 1988. Amma Larry Holmes da ya buge a shekarar yana da shekara 38, ya kuma fito daga ritaya ne. Buster Douglas, wanda ba a ɗauke shi bakin komai ba, ya kashe shi a Tokiyo a 1990. Manyan tsararrakinsa biyu, Evander Holyfield da Lennox Lewis, duk sun ci shi, ko da yake za a iya cewa lokacin ganiyarsa ta wuce.

Na san za a ce mutum ba ya zaɓar zamaninsa, kuma gaskiya ne. Holmes ya kare kambi sau 20, amma har yau ana tauye masa haƙƙi domin bai sami tsaran da zai fito da girmansa ba. Wannan rashin sa'a ne, ba laifi ba. Sai dai tarihi da abin da ya faru yake hukunci. Faɗuwa biyar ta Ali, uku daga ciki ta zo ne bayan ya haura shekara 35, ba ta rage masa komai ba, domin wanda bai shiga rijiya ba shi ke fahariyar tufafinsa ba su jiƙe ba.

'Yan'uwana marubuta, akwai abin ɗauka a nan. Sau da yawa mukan ƙaga jarumin labari, mu haɗa shi da abokin gaba wawa ko rago, sa'an nan mu yi mamakin yadda bai zauna a zuciyar mai karatu ba. Ba don Frazier da Foreman ba, da Ali bai zama Alin da muka sani ba. Abokina dai har gobe yana nan a kan bakansa, ni ma ina kan nawa.