Raba sarrafa inji da allon ma'aikaci a tsarin CNC

Raba sarrafa inji da allon ma'aikaci hanya ce ta tsara manhajar injinan CNC, wato injinan yanka da sassaƙa da kwamfuta ke tafiyarwa. Akan kasa aikin gida biyu. Kashin farko yana tsara tafiyar bakin yanka, yana kuma aika sigina ga injinan lantarkin da ke motsa shi. Dole ya kammala kowane zagaye cikin ƙayyadadden lokaci. Kashi na biyu yana nuna hoton aikin, yana karɓar fayilolin G-code, masu bayyana tafiyar bakin yanka, da umarnin ma'aikaci.

Dalilin rabon shi ne kwamfutar yau da kullum takan yi jinkirin da ba a iya hasashensa. A kan allo wannan jinkiri ba ya cutarwa, amma a wajen yanka yakan ɓata ƙarfe ko ya karya bakin yanka.

A LinuxCNC, wadda ta samo asali daga manhajar EMC ta cibiyar NIST a Amurka, kashin motsi yakan zagaya sau 1,000 a daƙiƙa, manhajojin allo irin su Axis kuma suna gudana daban. Manhajar Grbl kuwa tana zaune a ƙaramar na'urar Arduino, kwamfuta na tura mata umarni ta USB.