BAYAN ƊAKIN IYA

Yau ba zancen miji ko kishiya na kawo muku ba, hira ce a kan wani ɗan fili da kusan kowace tsohuwa take da shi a da, wanda mu muka wayi gari mun rufe shi da siminti, wato bayan ɗaki.

Kakata da muke kira Iya, Allah Ya jiƙanta, tana da irin wannan wuri a gidanmu na cikin birnin Kano. Faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma uku ba, amma a ciki akwai gindin lalle, da zogale guda biyu da suka zama dirkar danga, da gwanda a daidai inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Da an yi ruwan shuka sai ta ɗauko wani tsohon gora mai toka a ciki, ta zazzage irin kuɓewa da yakuwa da rama da alayyafo, ta bi ta tsuguna tana binnewa da ɗan yatsa. Duma da soso da kabewa kuwa a jikin katanga take jefa su, su hau soro abinsu. Mu yara a lokacin gani muke yi wahalar da kanta kawai take yi, abin da za a aike mu bakin titi mu sayo. Sai da na girma na fara bin asalin waɗannan tsirrai ɗaya bayan ɗaya, sannan na gane ashe a wannan ɗan wuri Iya ta tara baƙi daga uwa duniya, wasu sun yi shekara ɗaruruwa a hanya kafin su iso hannunta.

Bari mu fara da 'yan gida. Duma, da wake, da yakuwa, da rama, da kuka, duk 'yan asalin Afirka ne, tun kafin a gina ganuwar Kano ana cin moriyarsu. Da su aka yi miyar farko. Ki dubi yakuwa kaɗai, ganyenta ya shiga miyar taushe da fate, soɓorodonta a yi zoɓo, 'ya'yanta a yi daddawar batso. Duma kuma shi ne kantin kwanukan matar da, daga gare shi ake samun ƙwarya da ludayi da gora da buta, har da zungurun da amarya take zura hannu idan an sa ta a lalle. Kin ga kenan lallen da zungurun duk daga bayan ɗaki ɗaya suke fitowa, ba a kashe ko anini ba.

Daga nan sai baƙin da suka biyo ayarin raƙuma ta hamada. Su ma ba sai an sha wahala ba, sunansu ne yake tona asirinsu. Albasa da alkama da lemo da rumman duk kalmomin Larabci ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Zogale ma da muke ganin kamar da shi aka haife mu, asalinsa ɗan ƙasar Indiya ne, kuma har yanzu akwai masu kiransa bagaruwar Makka, alamar mutanen da sun san baƙo ne daga gabas. Wani likita Bature mai suna Dalziel da ya yi aiki a Arewa ya bi ya tattara sunayen tsirrai da Hausa, ya fitar da littafinsa a 1916. Ni dai abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, sunayen da ya zo yana rubutawa da alƙalami, iyayenmu mata a ka suke riƙe da su, kowane da amfaninsa da lokacin shuka shi.

To amma inda mamakin yake shi ne wajen kayan miya. 'Yar uwa, ko kin san cewa sarauniya Amina ta Zazzau ba ta taɓa shan miyar dage-dage ba? Tumatir, da barkono, da tattasai, da attarugu, babu ɗayansu da yake ɗan Afirka. Duk daga nahiyar Amurka suka fito, wajen Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, kuma ba su tsallako teku ba sai bayan 1492 da jiragen Turawa suka isa can. Haka masara da rogo da gyaɗa da dankali da gwanda. Mutanen Fotugal ne suka yi ta yawo da su a jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka, wasu kuma suka zagayo ta ƙasashen Larabawa suka sauko mana ta arewa, shi ya sa ma ake ganin sunan masara daga Masar ya samo asali, kuma tsofaffi sukan ce gwandar Masar don su bambanta ta da gwandar daji wadda muka gada. Kafin zuwan barkono, yajin girki masoro ne da kimba da citta, waɗanda yanzu muka mayar kayan yajin jego da kunu. Shi kuwa tumatir shi ne autansu a tukunyar Bahaushiya, sunansa ma daga bakin Turawan Ingila muka aro shi. Wato jar miyar nan da wata za ta rantse ba ta iya cin shinkafa sai da ita, kakannin kakanninmu ba su san kamanninta ba.

Gwanda dai ta riga shi zama 'yar gari nesa ba kusa ba. A 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya shigo Kano, ya hau Dala ya hango birnin, kuma cikin abubuwan da ya rubuta ya gani har da itatuwan gwanda da dabino suna leƙowa daga tsakanin gidaje. Na kan tsaya in yi tunani, wa ya shuka waɗannan gwandoji? Maigida yana kasuwar Kurmi ko yana bakin marina ko ya tafi fatauci Gwanja. Gwanda ba itacen gona ba ce, tana son ruwa kullum, kuma a garin da ake jan ruwa da guga babu mai asarar tulu guda a gindin itace. Wadda ta san inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya ita ce za ta watsa 'ya'yan gwanda a wurin. Bature ya rubuta itacen, bai rubuta mai shukar ba, don ba a ba shi damar wuce zaure ba.

Dama aikin a rabe yake. Gandu na maigida ne, nan ake gero da dawa. Lambu na masu fadama ne, su da suke ban ruwa da jigo a lokacin rani su fitar da albasa da alkama. Ita kuwa mace, musamman wadda take kulle, gonarta bayan ɗaki ce, kuma tafiyarta tana bin shekara sau da ƙafa. Da bazara ta tara takin awaki da toka ta barbaza. Da damina ta shuka, ta yi ta tsinkar ɗanyen ganye, babu ruwanta da cefanen ganye wata uku ko huɗu. Da kaka ta yanyanka kuɓewa ta shanya, ta busar da yakuwa da rama da kabewa, ta fafe ƙwarya, sannan ta bar 'yan kuɓewa mafi kyau a jikin uwarsu su ƙeƙashe don iri. Da hunturu wurin ya huta, sai lalle da zogale da suke jure ƙishirwa. A nan ne nake ganin hikimar. Ba su taɓa yin faɗa da yanayi ba, abin damina ba a tilasta masa ya rayu da rani, a busar da shi ake yi a ajiye.

Fulawa irin ta ado kuwa, ita ce ta zo a ƙarshe. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, suka kafa unguwanninsu a wajen gari kamar Nasarawa da Bompai, da manyan filaye zagaye da gidaje. Matansu suka shigo da al'adar ƙasarsu ta shuka abin da ba a ci ba a sha, sai dai kallo, suka ɗauki yara masu ban ruwa safe da yamma. Kalmar fulawa ma tasu ce, mu fure muka sani da huda. Wannan fulawar mai ƙaya da take hawa katanga ta yi ja ko shuɗi-shuɗi ko fari, wadda ake kira boganbiliya, asalinta 'yar Burazil ce, sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe aka sa mata. Ta samu ƙasarmu ta yi mata daɗi, don ita sai rani ya yi rani, komai ya bushe, sannan take cika da launi. A zamanin nan ne kuma dogon yaro ya shigo. Shi ma ɗan Indiya ne, ta ƙasar Gana aka kawo shi, aka dasa shi a Borno a 1928, daga nan ya bazu. Saurin tsayinsa ya jawo masa sunan, wasu su ce darbejiya, wasu maina, mutanen Nijar su ce bedi. Yau bai cika shekara ɗari a ƙasar nan ba, amma ki tambayi yaro ya zana miki bishiya, shi zai zana.

Illar da wannan zamani ya bar mana ita ce, ya raba shuka gida biyu a cikin kanmu. Fulawa ta zama ta 'yan boko da masu hali, ganye ya zama na ƙauyawa da talakawa. Wai kuma abin dariya, wannan jar fulawar mai faɗin baki da ake kira habiskos, wadda hajiya za ta saya da tsada a bakin titi ta jera a ƙofar falo, dangi ɗaya suke da yakuwa da rama, kuɓewa da auduga ma 'yan uwansu ne. Ki tashi da sassafe ki dubi furen kuɓewa, ruwan ɗorawa da jan ciki, ki faɗa mini wace fulawa ce ta fi shi kyau. Ko furen soso da na kabewa a kan danga bayan an ɗauke ruwa. Ƙamshin furen lalle da almuru kuwa, wadda ta tashi a gidan da ake da shi ba sai an yi mata bayani ba, ni har yau ban samu turaren da ya kamo shi ba. Iyayenmu suna da furanni, illa dai nasu idan ya gama ado sai ya shiga tukunya.

Gwamnati ma ta taɓa tunawa da wannan ɗan fili, amma sai da yunwa ta tuna mata. Bayan farin 1973 da ya kashe dabbobi da amfanin gona a Arewa da Nijar, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka yi ta kira a rediyo kowa ya noma ɗan abin da zai ci ko a bayan gidansa ne, har makarantu aka sa su yi gona. Iya ta kan ba mu labarin tana dariya, wai gwamnati ta zo tana koya wa ɗan kada iyo. Sai kuma a 2016 da wata tsutsa ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Na ga matan da suka rasa yadda za su yi da tukunya kamar an yi musu mutuwa, alhali kuka da kuɓewa da yakuwa suna nan ba abin da ya same su. Kuma a daidai wannan zamani da muke raina yakuwa, manyan motoci suke lodin busasshen soɓorodo daga Jigawa da Kano zuwa tashar jirgin ruwa, ana kai wa mutanen Meziko suna yin abin sha da shi. Su da suka ba mu tumatir da barkono, yau zoɓonmu suke saye da dala.

Bayan rasuwar Iya aka raba gado, aka yanka gidan, aka tayar da shago a inda gwandar take, sauran tsakar gidan aka malale shi da siminti wai don tsafta. Ban ga laifin kowa ba, iyali sun yi yawa, fili ya yi tsada, ni ma a lokacin ban ce uffan ba. Abin da yake ci mini rai shi ne goran nan. Babu wanda ya san inda ya shiga. Akwai wata doguwar kuɓewa mai yauƙi a ciki wadda Iya ta ce daga ɗakin mahaifiyarta ta taho da irinta ranar da aka kawo ta gidan miji, shekara da shekaru tana shukawa tana cire iri. Na zaga wajen masu sayar da iri na nema, abin da suke miƙo mini na cikin leda ne mai hoto, wani ma idan kin cire irinsa kin sake shukawa ba ya yin kamar na farko, sai kin koma kin sayo.

Yanzu gidan haya nake zaune, tsakar gidan duk tayil ne, mai gidan kuma ya yi gargaɗi kada a fasa masa ko kusurwa. Bara na biye wa son zuciya na sayo fulawoyi har tukunya huɗu ana tsakiyar zafin watan Afrilu, ba su yi sati uku ba suka ƙone, kuɗina ya bi ruwa. Bana sai na nemi tsofaffin bokitai da buhunan siminti, na huda gindinsu, na cika da ƙasa da yashi da takin awakin maƙwabciyata, na jera su jikin katanga inda rana ba ta dukansu da azahar. Na kafa reshen zogale a ɗaya, reshen lalle a ɗaya. Wata tsohuwa mai kawo mana nono daga ƙauye ta ƙullo mini irin kuɓewa da yakuwa a bakin zaninta, ta ce in ajiye cikin toka, kada in kuskura in binne shi a yayyafin farko, in bari sai ƙasa ta sha ruwa sosai. Yana nan a cikin gwangwanin madara a kan kanta, ni da 'yata ƙarama kullum da yamma sai mun fita mun duba gabas.