Rikicin Filin Wasa a Bombay: Kurket da Siyasa a Indiya ta Ƙarni na 19

A tsakiyar birnin Bombay, wanda yau ake kira Mumbai, akwai wani fili mai faɗi da sojojin Ingila suke atisaye a kansa, kuma a nan suke buga wasan kurket idan sun sami sarari. 'Yan ƙasa kan tsaya daga gefe suna kallo, har wasu suka fara kwaikwayo. Waɗanda suka riga kowa su ne Farsawa, jikokin Majusawan da suka yi ƙaura daga Farisa, 'yan kasuwa masu hulɗa da Turawa. A 1848 suka kafa ƙungiyarsu ta farko, Oriental Cricket Club.

A 1875 Turawa suka buɗe Bombay Gymkhana, kulob ɗin da ba a yarda ɗan ƙasa ya zama mamba ba. Aka keɓe musu yanki mai kyau na filin, amma duk da haka suka riƙa wasan folo a ɓangaren da ya rage wa jama'a. Kofatan dawaki suka farfashe ƙasar, alhali kurket ba ya yiwuwa sai a shimfiɗaɗɗen wuri. A 1881 'yan wasan Farsawa da na Hindu suka haɗa kai suka kai wa Gwamna James Fergusson takardar koke. Hujjarsu ita ce, bai kamata nishaɗin Turawa 'yan kaɗan ya hana ɗaruruwan matasa wasa ba. Wannan koke ya nuna cewa 'yan ƙasa sun fara tuhumar masu mulki da ma'aunin adalcin da su masu mulkin suke taƙama da shi.

Farsawa sun je Ingila a 1886, inda suka ci wasa ɗaya tak. Suka koma a 1888, suka taɓuka abin kirki. A 1890 kuwa suka doke tawagar G. F. Vernon da ta zo daga Ingila, a gaban dubban 'yan kallo a Bombay. Ga mutanen da ake ce musu ba su kai Bature ƙarfi ko dabara ba, wannan nasara ta wuce batun wasa.

Sai dai maganin da gwamnati ta kawo ya haifi wata cutar. Aka raba filaye a bakin teku bisa addini: na Farsawa daban, na Hindu daban, na Musulmi daban. Gasar shekara-shekara da aka soma a 1892 tsakanin Turawa da Farsawa ta bi wannan tsari, Hindu suka shiga a 1907, Musulmi a 1912. Mahatma Gandhi ya soki gasar a 1940 saboda tana rura wutar rarrabuwa, aka daina ta a 1946, shekara ɗaya kafin a raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan.