Ranar da Aka Buɗe Fayil Ake Yanke Makomarsa: Tsarin Adana Takardun Gwamnati a Nijeriya

Duk wanda ya taɓa raka dattijo bin haƙƙinsa na fansho ya san maganar da ke kashe jiki: "Baba, a yi haƙuri, ba a ga fayil ɗinka ba, sai ka sake dawowa." Mutum ya ba gwamnati shekara 35 na ƙuruciyarsa, amma takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma da ta canjin wurin aiki duk sun yi ɓatan dabo. Mun saba ɗora laifin a kan masinja ko akawun rajista. Hujjar wannan maƙala ita ce, a ofishin babban sakatare fayil yake fara ɓata, domin a nan ne ya kamata a tsara rayuwar kowace takarda tun kafin a rubuta ta, kuma a nan ne ake tsallake wannan aiki.

Ba gadon adana takardu muka rasa ba. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan daula suka riƙa aikowa, kuma har yau masana tarihi suna dogara da su. Bayan binciken da masanin tarihi Kenneth Dike ya yi a kan halin da takardun gwamnati ke ciki, an kafa ofishin adana su a 1954, aka yi masa doka a 1957, ya yi rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. Wanda ya shiga taskar Kaduna zai ga fayilolin lardunan Kano da Zariya da Sakkwato, kowanne da lambarsa da bayanin abin da ya ƙunsa. Abin da ke damuna, sau da yawa ya fi sauƙi a samo rahoton harajin wata gunduma na zamanin En'e da a samo takardun kwangilar da aka bayar shekara goma da suka wuce.

Doka ma akwai ta. Dokar Taskar Adana Takardu ta Ƙasa, mai lamba 30 ta 1992, ta ɗora wa shugaban kowace ma'aikata alhakin kula da takardunta, ta ce a naɗa jami'i na musamman don wannan aiki, a kuma tsara jadawalin da zai nuna abin da za a ajiye da abin da za a kawar, da amincewar daraktan taskar. Takardun da suka kai shekara 25 kuwa, ƙa'ida ita ce a buɗe su ga masu bincike.

Wannan jadawali shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Ma'aikata ta zauna ta lissafa ayyukanta, ta ga irin takardun da kowane aiki ke haifarwa, sannan ta yanke wa kowane nau'i wa'adi. Takardar neman hutun shekara ba ta bukatar daɗewa. Fayil ɗin ma'aikaci dole ya rayu har bayan ritayarsa, har magadansa su gama karɓar haƙƙinsa. Fayil ɗin fili ba shi da ranar mutuwa, musamman tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, shaidar mallaka ta koma dogara da abin da ke ajiye a ma'aikatar ƙasa. Idan ba a yi wannan rabe-raben ba, sai a ajiye komai, wanda a aikace daidai yake da ba a ajiye komai ba. Sito ya cika, a jibge ragowar a baranda da ƙarƙashin bene, takardar sayen tsintsiya ta danne taswirar unguwa guda, gara da yoyon damina su yi zaɓen da hukuma ta ƙi yi.

Mai karatu zai iya cewa, a ƙasar da almundahana ta yi katutu, ba wa jami'i izinin ƙona takarda ai tamkar ba kura ajiyar nama ne. Damuwar tana da tushe, amma ina ganin ta juya lamarin. Rashin jadawali shi ke ba maɓarnaci mafaka, domin inda ba a rubuta abin da ya kamata ya kasance a kan kanta ba, babu mai iya tabbatar da cewa an ɗauke shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta wajabta wa hukumomi tsara bayanansu, ta ba su kwana 7 su amsa bukatar mai nema, ta kuma tanadi ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga wanda ya lalata takarda da gangan. To, da me alƙali zai bambance lalatawa da gangan da ɓata ta sakaci, idan ma'aikatar ba ta da rajistar abin da ta mallaka? Inda ake aiki da jadawali, kowace takardar da aka kawar tana barin sawu: wa ya ba da izini, yaushe, bisa wane sashe.

Haka batun gobara. Ginin kamfanin sadarwa na NET a Legas ya ƙone a 1983, wani ɓangare na ofishin Akanta Janar na Tarayya a Abuja ya kama wuta a watan Afrilun 2020. Ba musabbabin wutar ne abin dubawa a nan ba. Tambayar da tsari nagari ke amsawa ita ce, washegari hukuma za ta iya lissafa abin da ya ƙone, kuma tana da kwafin muhimmansa a wani gini dabam?

Yanzu kowa ya koma cewa kwamfuta ce magani. Tana da amfani ƙwarai: a farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi fiye da 23,000 daga jerin masu albashi, bayan an gwada sunayen da lambar tantancewa ta banki. Amma a lura, daidaita bayanai ne ya tona asirin, na'ura hanya ce kawai. Ma'aikatar da ta ɗauki hoton fayilolinta a hargitse, hargitsin ta kwashe ta zuba a kwamfuta. Takarda kuma tana iya shekara ɗari a ɗaki mai iska, alhali faifan da aka adana bayanai a kansa shekara ashirin da suka wuce, yau da wuya a sami na'urar da za ta karanta shi. Ga kuma sabuwar ɓaraka: umarnin hukuma na yawo ta WhatsApp da imel ɗin kashin kai, ranar da aka yi wa darakta canjin aiki sai ya tafi da tarihin sashensa a aljihu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara nauyi, domin ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu. Hukumar da ba ta da jadawali ba za ta iya bin wannan doka ba ko da ta so.

Saura batun wanda zai riƙe aikin. A ma'aikatu da yawa rajista wurin horo ce, can ake tura wanda ya ɓata wa oga rai, alhali jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello da Bayero, suna yaye masu ilimin laburare da sarrafa bayanai kowace shekara. Jami'in da dokar 1992 ta ambata ya kamata ya kai matsayin da zai zauna a taron daraktoci, ya iya ce wa babba, "Ranka ya daɗe, wannan fayil ba ya fita sai an sa hannu." Ya kamata kuma aikinsa ya sami layinsa a kasafin kuɗi, babban mai binciken kuɗi ya riƙa neman jadawalin kowace ma'aikata kamar yadda yake neman rasit, kwamitocin majalisa su tambaye shi a zaman kare kasafi kafin su amince da kuɗin sayen sababbin kwamfutoci.